Jirgin yaƙi mai layar zana: ko zai iya zama ɗan leƙen asiri?

Ran 1 ga watan Mayu na shekara ta 1960, sojojin Tarayyar Sobiyet suka harbo wani jirgin Amurka mai suna U-2 kusa da birnin Sverdlovsk. Jirgin ba shi da bindiga, ba shi da bam, kamarar ɗaukar hoto kaɗai gare shi, yana tafiya fiye da kilomita 20 bisa ƙasa. An kama matuƙinsa, Francis Gary Powers, da rai, kuma taron shugabannin manyan ƙasashe da aka kira a Paris cikin wannan wata ya watse saboda haka. Tun daga ranar nan hafsoshi suka gane cewa nisa sama bai isa ya tsare mai leƙe ba.

Yanzu akwai jiragen yaƙi waɗanda na'urar rada ba ta gani sai da ƙyar, tamkar masu layar zana. Sai mutum ya yi tambaya: me zai hana a ɗauki irinsu, a sa musu kamara, a aika su leƙen abokan gaba? Abin yana yiwuwa. Amma wuyarsa tana wajen masu gyara, can cikin rumfar ajiyar jirage.

Tsohuwar dabara

Mai da jirgin faɗa ya zama na leƙe ba sabon abu ba ne. Amurka ta ɗauki jirginta Phantom F-4, ta ƙara tsawon hancinsa, ta cika shi da kamarori, ta kira shi RF-4C. An ƙera wajen 500, sun yi aiki cikin yaƙin Biyetnam. Faransa ta yi haka da Mirage F1CR, wanda ya yi sintiri a Cadi, da Mali cikin 2013, kafin a ajiye shi cikin 2014. Ga jirgin Rafale kuwa, akwati ne mai ɗauke da kamarori ake rataya masa a ƙarƙashin ciki, in an gama aiki a kwance shi.

Wannan dabara mai sauƙi ba ta yi wa jirgi mai layar zana.

Asirin ɓoyewa

Rada tana aika igiyar wuta cikin iska; in ta bugi ƙarfe sai ta dawo kamar amsa-kuwwa, daga nan a san inda jirgi yake. Jirgin ɓoye yana tsere mata ta hanya uku. An tsara siffarsa yadda igiyar za ta karkata wani gefe. An shafe jikinsa da wani irin fenti mai shanye ta. Sannan makamansa duka suna cikin cikinsa a rufe. Ke nan in an rataya masa akwatin kamara a waje, asiri ya tonu. In kuwa za a sa kamarar a ciki, tilas a huda jikin jirgi a yi mata taga, a sake auna kowace kusurwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ƙofa da ba ta rufu daidai ba, ko fenti da ya ɓare, sun isa su nuna jirgi ga rada.

Akwai kuma maganar isar da labari. Hoto ba shi da amfani sai ya kai hannun kwamanda da wuri, amma jirgin da ke watsa saƙo ta rediyo yana faɗin inda yake da bakinsa. Shi ya sa aka ƙera F-22 da hanyar saƙo wadda ƴan'uwansa F-22 kaɗai ke ji. Ga shi kuma jirgin faɗa ba ya daɗewa sama in ba a ƙara masa mai ba, alhali jirgin leƙe marar matuƙi Global Hawk yana yin fiye da awa 30.

Ita ma layar ba ta cika ci ba. Ran 27 ga watan Maris 1999, sojojin Yugoslabiya sun harbo F-117 na Amurka da wani tsohon makami mai linzami ƙirar Sobiyet.

Matakai uku na gyara

Rundunonin sama sun kasa gyaran jirgi hawa uku. Mataki na farko shi ne wanda makanikan runduna ke yi a filin jirgi kowace rana: duba jirgi kafin ya tashi da bayan ya sauka, zuba mai, sake taya, cire na'urar da ta lalace a sa wata. Mataki na biyu a ɗakin gyara na sansani ake yin shi, inda ake buɗe na'urar da aka ciro a nemi ciwonta. Mataki na uku kuwa na babbar ma'aikata ne ko na masana'antar da ta ƙera jirgin: a kwance shi gaba ɗaya, a duba ƙashinsa, a sake haɗa shi. A Faransa, ma'aikatar Clermont-Ferrand tana irin wannan aiki; a Amurka, sansanin Hill cikin jihar Utah ne ke karɓar F-22.

An tsara F-22 da F-35 bisa mataki biyu kawai, an tsallake na tsakiya don rage kuɗi. Abin da ya gagari filin jirgi sai a aika shi babbar ma'aikata. Huda jikin jirgi, da sa sabuwar na'ura, da sake tsarin kwamfutarsa, duk aikin mataki na uku ne, kuma jirgin da ya shiga can yakan yi watanni bai fito ba. F-22 da aka ƙera don aikin yaƙi 187 ne kacal, kuma an rufe ƙirarsa cikin 2011. Kowane ɗaya da aka janye don leƙe ya ragu daga masu faɗa, babu mai maye gurbinsa.

Abin da lissafi ya nuna

Cikin watan Oktoba 2018 guguwa mai suna Michael ta nufo sansanin Tyndall a jihar Florida. Aka ba da umurni a kwashe jirage. Cikin F-22 guda 55 na sansanin, 17 ba su iya tashi ba domin suna jiran gyara ko kayan gyara. A nan guguwa ta same su. Haka kuma ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya bayyana cewa cikin watan Maris 2023, kashi 55 bisa 100 ne kawai na jiragen F-35 na ƙasar ke shirye su yi aiki, kuma fiye da kayan jirgi 10.000 suna jibge suna jiran gyara. Ko SR-71, shahararren jirgin leƙe mai gudu fiye da ninki uku na saurin sauti, wanda abokan gaba ba su taɓa harbowa ba, tsadar kula da shi tana cikin dalilan ajiye shi cikin 1990.

Hanyar da aka bi

Maimakon a yi wa jirgi kwaskwarima daga baya, sai aka gina idanu cikin jikinsa tun farko. F-35 yana da kamara a ƙarƙashin hanci bayan wata taga da aka tsara ta dace da siffarsa, da wasu kamarori shida masu ganin zafi ko da dare, da rada mai zana taswirar ƙasa. Yana faɗa, yana tattara labari. Leƙe mai nisa da haɗari kuwa an ba jirage marasa matuƙi, irin su RQ-170. Ɗaya daga cikinsu ya faɗa hannun Iran cikin watan Disamba 2011: an yi hasarar asiri, amma babu matuƙi da aka kai gaban kotu kamar Powers.

Saboda haka, duk gwamnatin da aka kawo wa shawarar sake wa jirgi aiki, kafin ta dubi ƙarfin kamara, ya kamata ta ƙirga makanikanta, da kayan gyaran da ke cikin sito, da watannin da jirgi zai yi kwance. Daga wannan lissafi ne za ta san jirage nawa za su iya tashi gobe da safe.