Ko Kun Sani? Kuɗi Kaɗai Ba Sa Sayen Tikitin Ƙwallo a Holan

A gidan kallo na Bodinga ko Shagari, yaro na zaune bakin ƙofa da kwanon canji. Ka miƙa kuɗinka, ka nemi benci kusa da fanka, shi ke nan. Ko filin wasa na Giginya a Sakkwato haka abin yake.

A Holan kuwa sai an san ko kai wane ne. Manyan ƙungiyoyi irin su Ajax da Feyenoord da PSV ta intanet suke sayar da tikiti, kuma sai ka yi rajista da sunanka. Masu tikitin kakar wasa da masu katin ƙungiya su ake fara ba wa dama, baƙo sai abin da ya rage. In babban wasa ne, da wuya wani abu ya rage, ko da yake filin Johan Cruijff na Amsterdam yana cin mutum sama da 50,000.

Tsoron rigima ya kawo wannan tsari. Tun 2009 aka hana magoya bayan Ajax da Feyenoord bin ƙungiyarsu zuwa gidan abokiyar gaba in ƙungiyoyin biyu za su kara da juna. Kuɗinka ko nawa ne, ba ka shiga ɓangaren baƙi.

Dabara ita ce a nemi wasan ƙananan ƙungiyoyi, inda tikiti ya fi sauƙin samu. Ga Roda JC ta garin Kerkrade, wadda 'yan Kaduna biyu suka taka wa leda: Garba Lawal da Tijjani Babangida, wanda daga can Ajax ta ɗauke shi a 1996.