Jirgin ƙasa tsakanin Guangzhou da Hong Kong: fasfo ne tikiti, amma tikiti ba biza ba ne

Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata. Ɗan kasuwar da ya saba da tashar mota a Maraɗi ko Birnin Ƙonni ya san yadda ake yi: ka zo da kayanka, ka yi ciniki da ɗan kamasho, ka zauna sai mota ta cika. To, duk wanda ya ɗauki wannan sabo ya kai shi tashar jirgin ƙasa a ƙasar Sin, zai iya rasa jirgi, ya rasa kuɗi, wani lokaci ma ya rasa hanyar komawa wurin hajar da ya riga ya biya.

'Yan kasuwarmu da dama da ke saro kaya a Guangzhou sukan tsallaka Hong Kong, ko don wayoyin hannu, ko don hawan jirgin sama. Tsohon jirgin da manya suka sani, mai tashi daga Hung Hom, an dakatar da shi a watan Janairun 2020, kuma bai dawo ba. Wanda ke aiki yanzu shi ne jirgi mai gudun gaske da aka buɗe ranar 23 ga Satumban 2018, mai tsayawa a tashar West Kowloon. Annobar korona ta tsayar da shi shekara uku, ya koma aiki a Janairun 2023. Daga tashar kudu ta Guangzhou tafiyar kamar awa guda ce.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, ba a sayar da tikiti sai da fasfo. Ana ɗaure sunan mutum da lambar fasfonsa da jirgi guda, rana guda, kujera guda, kuma fasfon ne ake nunawa a ƙofa, ba takarda ba. Saboda haka idan Alhaji ya aiki yaronsa ko tafinta ya saya masa, to a kwafe sunan harafi bayan harafi kamar yadda yake a fasfo. Mai Mahamadou a fasfo kada a rubuta masa Muhammadu. Wanda kuma ya sabunta fasfo bayan ya sayi tikiti, ya tuna lamba ta canza, ya je tagar sayar da tikiti a gyara tun da wuri.

Ana fara sayarwa kwana 15 kafin ranar tafiya, a tagar tasha ko ta manhajar hukumar jiragen ƙasa mai suna 12306, wadda ke da ɓangaren Turanci. Akwai kamfanoni irin su Trip.com da ke saya wa mutum, su ɗora ladansu a kai. A lokacin babbar kasuwar baje kolin Canton, wato Afrilu zuwa Mayu da Oktoba zuwa Nuwamba, da makon farko na Oktoba, da hutun sabuwar shekarar Sinawa, kujeru na ƙarewa da sauri. Mayar da tikiti kuwa yana yiwuwa, sai dai ana yanke wani kaso, kuma yankan yana ƙaruwa idan lokacin tashi ya matso.

Game da kujera, a aji na biyu layi guda yana da biyar: A, B, C, D da F. A da F su ne na bakin taga, C da D na bakin hanya, B kuma na tsakiya. A duba lambar tarago kafin jirgi ya iso, domin ba ya daɗewa a tsaye. Har ila yau a lura da sunan tasha. Guangzhounan ita ce ta kudu, tana nesa da tsakiyar gari, amma layi na 2 na jirgin ƙarƙashin ƙasa yana haɗa ta da Sanyuanli. Guangzhoudong ita ce ta gabas. Wanda ya rikita su biyun, jirgi ya tafi ya bar shi.

Sai batun kaya. Doka ta ba babban mutum kilo 20, kuma tsawo da faɗi da tsayin jaka idan an haɗa kada su wuce santimita 130. Wannan jirgi ba na dila ba ne. A miƙa haja ga masu jigilar kaya, a shiga da jakar hannu da samfur.

Babban ramin da ake faɗawa shi ne biza. Ko da yake Hong Kong ta koma hannun Sin tun 1997, tana da nata dokokin shige da fice. Bizar Sin ba ta shigar da mutum Hong Kong, kuma masu fasfon Najeriya da Kamaru suna buƙatar biza ta daban. Kowa ya binciki matsayin ƙasarsa kafin ya biya ko sisi. Bugu da ƙari, da zarar an buga maka hatimin fita a West Kowloon, inda jami'an ɓangarorin biyu ke aiki a gini ɗaya, to ka fita daga Sin ke nan. Idan bizarka ta shiga sau ɗaya ce, ta ƙare, ko da kayanka na jiran ka a sito a Guangzhou da ragowar kuɗinka a hannun mai masana'anta.

Don haka, 'yan uwa, a fara da duba biza, sannan a sayi tikiti, a kuma isa tasha da aƙalla awa ɗaya da rabi idan daga Hong Kong za a taso, saboda layin bincike. Allah ya tsare hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.