WASAN KWAIKWAYON 'YAN TA'ADDA: ME YAKE KOYA WA 'YA'YANMU?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (S.A.W).

Bayan haka, ya ku ɗalibai da iyaye, akwai wani nau'in wasan kwaikwayo da ya yawaita a talabijin da wayoyi, wanda ake gina shi kan rayuwar shugaban 'yan daba ko ɓarayi ko dillalin ƙwaya. A ƙasashen waje akwai irin su Narcos na 2015, labarin Pablo Escobar na Kolambiya, wanda aka harbe a 1993. A nan gida ma an yi irinsu da Hausa, har a 2021 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta hana shirya fim mai nuna garkuwa da mutane ko shaye-shaye ko ƙwacen waya.

To, ina illar take? Tana cikin yadda ake tsara labarin. Da farko a nuna an zalunci mutumin, sai ka tausaya masa. Sannan a nuna shi da mota da kuɗi da yara masu rusuna masa, ga kiɗa mai daɗi duk inda ya bayyana. Mai shiri ba zai kashe shi da wuri ba, domin in ya mutu kasuwa ta tashi. Saboda haka sai yaro ya shafe makonni yana kallon daularsa, halakarsa kuwa minti biyar ce. Wanne zai zauna a zuciya?

Alƙur'ani ma ya ba da labarin azzalumai, amma dubi Suratul Ƙasas. Ƙaruna ya fito cikin adonsa, wasu suka yi burin irin arzikinsa. Da ƙasa ta haɗiye shi, su ɗin ne suka wayi gari suna nadama.

Mu mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba ma buƙatar talabijin ta gaya mana ko wane ne ɗan bindiga. A Disamban 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. Jagoran aikin, Auwalun Daudawa, ya ajiye makami a Fabrairun 2021, ya koma daji, a Afrilu kuma aka kashe shi a faɗa da 'yan'uwansa 'yan bindiga. Uwar da ta kwana shida ba barci, da manomin da ya bar gonarsa, ba su ne jaruman fim ba.

Iyaye, kada ku tsaya ga hani kawai. Ku duba abin da ake tura wa yara a waya, ku tambaye su: "Kuɗin nan na wa ya ƙwace? Wa ya yi kuka a kansu?" Ku kuma ɗalibai, kada ku ɗauki sunan ɗan daba ku mai da shi laƙabi, ko da wasa.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.