Daga gidan kallo a Zariya zuwa aljihun ɗan wasa: Ina kuɗin albashin 'yan ƙwallo ke fitowa?

Duk ranar Asabar da Lahadi gidajen kallon ƙwallo a birnin Zariya, daga Babban Dodo zuwa Ƙofar Doka, kan cika maƙil da matasa da magidanta. Kowa kan biya 'yan nairori a bakin ƙofa. Kaɗan ne daga cikinsu ke lura cewa wani ɓangare na wannan kuɗi na ƙarewa ne a albashin 'yan wasan da suke yi wa sowa.

Mai gidan kallo yana biyan kuɗin wata ga DStv. Tashar SuperSport da ke kan DStv kuma tana sayen izinin nuna gasar Firimiyar Ingila a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, gasar kuwa tana raba abin da ta tara ga ƙungiyoyinta 20. A cikin Birtaniya kaɗai, yarjejeniyar talabijin ta shekara huɗu da ta fara aiki a 2025 ta kai fam biliyan 6.7. Idan aka haɗa da tallan kamfanoni a jikin riga da kuɗin tikiti, kusan kashi biyu bisa uku na abin da ƙungiyoyin ke samu albashi ne ke cinye shi. Wato mai kallo ne ke biyan ɗan wasa, ko yana Landan ko yana Kwarbai.

A gida Najeriya lamarin ya sha bamban. Yawancin ƙungiyoyin babbar gasar ƙasar mallakin gwamnatocin jihohi ne, kamar Kano Pillars da aka kafa a 1990 da Katsina United. Albashin 'yan wasansu na fitowa ne daga baitulmalin da ake biyan malaman makaranta da ma'aikatan asibiti. Kuɗin shiga fili bai taka kara ya karya ba, na talabijin ma haka. Shi ya sa idan gwamnati ta sauya, ko takarda ta maƙale a ofis, ɗan wasa kan yi watanni yana bin bashi, abin da duk ma'aikacin gwamnati ya san zafinsa. Ga kuma gajeren zango: da wuya mai taka leda ya wuce shekara 35 yana wasa, kuma babu fansho da ke jiransa.

Akwai masu zaman kansu, irin su Remo Stars ta Kunle Soname, wadda ta lashe gasar a 2025, sai dai ba su da yawa.

Hanyar da ta fi kusa da ƙananan ƙungiyoyin unguwa a Zariya ita ce cinikin 'yan wasa. Dokar FIFA ta tanadi cewa idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, a ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin ga ƙungiyoyin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Ahmed Musa, wanda ya bar Kano Pillars zuwa VVV-Venlo ta Holan a 2010, ya koma Leicester a 2016 kan kusan fam miliyan 16. Kason masu raino a ciniki irin wannan ya kai wajen fam dubu 800. Amma sai ƙungiya ta yi wa yaronta rajista a hukumance take da hurumin neman wannan haƙƙi, kuma yawancin masu horar da yara a filayen makarantun firamare na birni ba su ajiye ko da takarda guda.