Idan kamfanonin jiragen sama sun haɗe, wane matuƙi ne gaba?

Tun da ministocin Nijar da Mali da Burkina Faso suka ba da shawarar kafa kamfanin jiragen sama na haɗin gwiwa a 2023, hankali a Yamai ya fi karkata ga kuɗi da jirage. Amma rigimar da ta fi wuyar kashewa ita ce ta jerin girma. A manyan kamfanoni, ranar da aka ɗauki matuƙi aiki ce ke yanke masa albashi da zama kyaftin, ita ce kuma ke nuna wanda za a fara sallama. Kamfani biyu, jeri biyu, dole wani ya sauka.

A 2005 America West ta haɗe da US Airways a Amurka. Mai sasanci George Nicolau ya fitar da jeri guda a 2007, ya sa matuƙan US Airways da aka dakatar a ƙasan na America West, duk da daɗewarsu. Da yake matuƙan US Airways sun fi yawa, sai suka kori ƙungiyar matuƙa ta ALPA a 2008, suka maye gurbinta da tasu, USAPA, aka yi shekara da shekaru ana shari'a. Wani zai ce sabon kamfani ba shi da tsohon jeri. Gaskiya ne, amma ba sababbin matuƙa zai ɗauka ba, kowace ƙasa za ta kawo nata, kamar yadda ƙasashe 11, har da Nijar, suka yi tarayya a Air Afrique daga 1961 har ta durƙushe a 2002. A rubuta ƙa'idar jerin tun jirgi bai tashi ba.