Farin Tabon da Folish Ke Bari a Baƙar Robar Mota

Duk mai motar da ya taɓa kai ta wurin wanki a jajibirin salla ya ce a haɗa mata da folish, da wuya bai san wannan takaicin ba. Za a miƙo masa makulli fenti na ɗaukar ido, ya biya da murna ya tafi. Bayan kwana biyu sai ya lura da wani fari-fari kamar an goga alli a baƙar robar bamba, da gindin madubi, da robar da ke ƙasan gilashin gaba. Ya sa ruwa da omo ya wanke, tabon ya ɓace. Da wurin ya bushe sai ga shi ya dawo kamar ba a taɓa shi ba. Daga nan sai shawarwari su fara zuwa, wannan ya ce fetur, wancan ya ce baƙin mai, wani ya ce man gyaɗa. Kafin a ɗauki ko ɗaya, ya kamata a san abin da ya maƙale a wurin da dalilin da ya sa ruwa ya kasa shi.

Abin da masu wanki ke kira folish haɗi ne na abubuwa da dama, kuma jigonsa kaki ne. Mafi shahara a cikin kakin mota shi ne karnauba, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya da ke fitowa a arewa maso gabashin Brazil, musamman jihohin Piauí da Ceará. Bishiyar na lulluɓe ganyenta da kakin don kada zafin rani ya tsotse mata ruwa. Manoma kan yanko ganyen, su shanya, su bubbuge shi garin kakin ya zubo, sannan a narka a tace. Yana cikin mafi taurin kakin da ake samu daga tsirrai, ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 80 a ma'aunin Salshiyos, alhali kakin zuma tun wajen digiri 62 yake sakin jiki. Wannan juriya ce ta sa ya dace da motar da ke wuni a rana. Shi ne kuma ake sa wa a man goge takalmi da bayan wasu alewoyi da ƙwayoyin magani don su yi sheƙi.

Saboda taurinsa, ba ya shafuwa shi kaɗai. Kamfanoni kan cuɗa shi da mai da sinadaran da ke tausasa shi, waɗanda ke bin iska bayan an shafa. A yawancin folish na kasuwa akan ƙara wani lallausan gari, irin farar ƙasa ta kawolin, wanda aikinsa kankare dattin da ya daskare a fenti. Idan aka shafa aka bari ya sha iska, sai a ga jikin mota ya yi hazo-hazo. Kakin ne da garin suka rage bayan mai tausasa su ya tafi. A kan fenti wannan ba matsala ba ce, domin fenti sumul yake, tsumma ɗaya ya isa ya kwashe rarar.

Baƙar roba kuwa wata halitta ce daban. Yawancinta ana yin ta ne da folifurofilin, robar da masanin Italiya Giulio Natta ya samar a 1954, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1963 tare da Bajamushe Karl Ziegler. Baƙinta daga garin kabon yake, wanda ake cuɗawa a ciki tun tana narke, kuma shi ke kare ta daga hasken rana. Idan ka shafa ta da yatsa za ka ji ƙurji-ƙurji. Da gangan aka yi mata haka a masana'anta, don kada ta riƙa ƙyalli kuma ta ɓoye ƙananan ƙarce. A cikin waɗannan ƙananan ramuka folish ke shiga ya bushe. Tsumma na bin saman tudun ne kawai, ba ya kaiwa ƙasan ramin. Ruwa kuma ba ya narka kaki, ai don ya kori ruwa aka shafa shi tun farko.

To me ya sa tabon ke ɓacewa idan an jiƙa shi? A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Busasshen gari yana yin fari ne saboda iskar da ke tsakanin ƙwayoyinsa tana sa haske ya warwatsu ta ko'ina. Da zarar ruwa ko mai ya cike waɗannan gurabe, haske sai ya ratsa ya isa ga baƙin da ke ƙasa. Kowa ya san yadda ƙafar yaro ke yin furu-furu da hunturu, a shafa mata mai ta koma baƙa sumul, ko yadda takardar da aka naɗe ƙosai ke zama kamar gilashi inda mai ya taɓa. Abin da ke faruwa a bamba ke nan. Garin yana nan inda yake, ido ne ya daina ganinsa.

Wannan ya bayyana sirrin man gyaɗa. A Amurka masu mota sun daɗe suna shafa niƙaƙƙiyar gyaɗa, mai kama da tunkuzarmu, a kan irin wannan tabo, suna rantsuwa tana aiki. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin mai na tausasa kaki kaɗan, kuma idan aka bi da burushi da sabulu wani abu zai fita. Amma in shafawa kawai aka yi aka goge, an rufe tabon ne. Bayan wanki biyu ko uku man zai tafi, farin ya dawo, kuma kafin nan ya riga ya tara ƙura ya gayyato tururuwa. Baƙin mai da wasu ke gogawa ya fi wannan muni, don ƙurar hunturu na manne masa ta zama danƙo.

Hanyar da ke cire shi da gaske ba ta buƙatar kuɗi mai yawa. A kai motar inuwa, a bari robar ta huce, a wanke ƙura da yashi tukuna don kada su yi ƙarce. Sannan a samo sabulun ruwa na wanke kwanuka mai yanke maiƙo a cikin ruwan ɗumi, da tsohon burushin haƙori mai laushi. A riƙa cuɗawa a kewaye a hankali, yadda gashin burushin zai shiga ramukan, ana gogewa da tsumma mai tsabta kafin kumfar ta bushe. Tunda kakin bai haɗe da robar ba, zama kawai ya yi a cikin ramukanta, burushin ne ke yin rabin aikin. Tabon da ya daɗe yakan buƙaci a maimaita sau biyu ko uku.

Idan ya yi taurin kai, sai a koma ga sipirit, irin aisofurofil da ake samu a kemis. A surka shi da ruwa rabi da rabi, a ɗiga a tsumma, a goga a bi da burushi. A fara gwadawa a wani lungu da ido ba ya kaiwa, a kuma kiyaye shi daga fenti, don zai kwashe folish ɗin da aka biya kuɗi aka sa. Ga ɗan siririn layi a gefen roba kuwa, farar robar goge fensir ta 'yan makaranta tana aiki sosai, domin tana lanƙwasa ta shiga ramukan ta naɗo kakin.

Akwai abubuwan da ya kamata a nisanta, kada garin neman gira a rasa ido. Tina da asitan, wato ruwan cire jan farce, suna narka robar ABS da ake yin wasu sassan gaba da marfin madubi da ita. Fetur da kananzir na kumbura wasu robobin su bar dabbare-dabbare. Man birki na cin fenti in ya ɗiga. Soson ƙarfe da samfefa kuwa suna share ƙurjin robar, wurin ya koma santsi, kuma ba a iya mayar da shi.

Wani lokacin za a yi duk wannan amma robar ta ƙi komawa baƙa. A nan sai a duba da kyau. Tabon folish yana zuwa ne layi-layi, kusa da inda roba ta haɗu da fenti, inda hannun mai shafawa ya zarce. Idan kuwa robar gaba ɗaya ta koma ruwan toka, musamman ɓangaren da ke kallon sama, wannan aikin rana ne. Hasken ultarabayolet ya karya saman robar ya sa ta koɗe, abin da motoci ke fama da shi sosai a ƙasarmu mai zafin rana. Sabulu ba ya maganin wannan, sai rinin roba da ake sayarwa don haka. Wasu dillalai kan bi ta da wuta ta yi baƙi nan take, amma gyaran na ɗan lokaci ne, kuma maimaita shi na sa roba ta bushe ta riƙa tsagewa. Tunda mai ma kan ɓoye koɗewa, mai sayen mota ya shafa bamba da farin tsumma, ya ga ko mai ne ke ƙyalli.

Bayan an gama aka tabbatar wurin ya bushe ba fari, sai a shafa man kare roba mai tare hasken rana. A folish na gaba kuma, a sa mai wanki ya manna tef ɗin takarda na masu fenti a gefen robar kafin ya buɗe gwangwani, ya kuma riƙe jiƙaƙƙen tsumma a kusa. Folish ɗin da ya taɓa roba yana ɗanye, goga ɗaya ke ɗauke shi. Wanda aka bari ya kwana a rana shi ke sa mai mota tsugunawa da burushin haƙori.