Farfesa Francis Boyle: abin da ya yi da abin da ake jingina masa

Mai salula a Tanut ko Belbeji ya san irin saƙon nan na WhatsApp da ke farawa da "wani babban farfesan Amurka ya tona asiri". Ɗaya daga cikin sunayen da aka fi kafa hujja da su a duniya kan maganar cututtuka da allurar rigakafi shi ne Francis Boyle, malamin dokar ƙasa da ƙasa a Jami'ar Illinois, wanda aka haifa a 1950, ya rasu a watan Janairun 2025.

An ce ya tsaya wa Musulmin Bosniya. Gaskiya ne. A 1993 shi ne lauyan Bosniya a Kotun Duniya da ke Hague, ya kuma samo umarnin gaggawa har sau biyu, a Afrilu da Satumba, cewa Sabiya ta ɗauki matakin hana kisan ƙare dangi. Sai dai umarnin bai hana abin da ya faru a Srebrenica a Yulin 1995 ba, inda aka kashe maza da samari kusan 8,000. Ya kuma ba wakilan Falasɗinu shawarar shari'a a tattaunawar sulhu daga 1991 zuwa 1993. Wannan aiki ne ya sa mutanenmu ke jin maganarsa da kunnen amana, kuma ba su yi laifi ba.

An ce ya sa kotun duniya ta kama Bush da Blair da laifi. A nan an ƙara gishiri. Zaman da aka yi a Kuala Lumpur a 2011, wanda Boyle ya shiga cikin masu gabatar da ƙara, kotun jin ra'ayin jama'a ce da ta samo asali daga yunƙurin Mahathir Mohamad, tsohon firayim ministan Malesiya. Ba ta da ɗan sanda, ba ta da kurkuku, hukuncinta bai hau kan kowace gwamnati ba.

Maganar makamai masu yaɗa cuta ita ce ta fi rikita mutane. Boyle ne ya tsara daftarin dokar Amurka ta 1989 da ta haramta su a cikin ƙasar. Yarjejeniyar duniya kuwa tun 1972 aka ƙulla ta, lokacin yana ɗalibi. Tsara doka aikin lauya ne, kuma takardun Harvard da ya riƙe na shari'a ne da kimiyyar siyasa. Bai karanci likitanci ba. Duk da haka a 2014 ya zargi ɗakunan binciken Amurka da fitar da Ebola a Afirka ta Yamma, alhali an san cutar tun 1976 a Zayar, kuma masu bincike sun bi sawun ɓarkewar har ƙauyen Meliandou na Gini, a ƙarshen 2013. A 2020 ya ce korona makami ce da aka ƙera. Hukumomin leƙen asirin Amurka sun rabu kan ko daga dabba ta fito ko daga ɗakin bincike a Wuhan, amma rahotonsu na 2021 ya ce ba a ƙera ta don yaƙi ba. Daga baya har allurar korona ya kira makami, babu kuma wata kotu da ta tabbatar masa da haka.

Zargin da mutanenmu ke yi wa magani da allurar rigakafi yana da tushe, kada a raina shi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, 11 suka mutu, aka kai ga sulhun dala miliyan 75 da jihar a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma waccan magana ce mai sunayen yara da takardun asibiti da shari'a, abin da zarge-zargen Boyle kan cuta suka rasa.

Uwar da ke Tanut ko Belbeji tana jiran masu allurar ƙyanda ko sanƙarau ta cancanci a gaya mata sauran labarin. Da Kano ta dakatar da ɗigon shan inna a 2003 bisa jita-jitar cewa yana hana haihuwa, cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan ashirin, aka koma ɗigon a Yulin 2004.